Bakin Sarki a Birnin Zugazugi

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya danne ta da duwatsu, Ya saukar da ruwa daga sama, Ya ɓoye wuta a cikin ɗanyen ice, da shi nake buɗe baki. Ni ne Cindo ɗan Tungar Kanya, wanda aka haifa da yatsu shida a hannun hagu, ya shiga duniya da su, ya dawo gida da biyar. Mai son jin inda na baro na shidan, ya gyara zama. Wanda kuma cikinsa ba ya ɗaukar labarin jini, ƙofa a buɗe take, ba zan ji haushinsa ba.

Mu biyu Inna ta haifa. Yayana Anaruwa ƙato ne, in ya tsaya a bakin ƙofa ɗaki yakan yi duhu, amma zuciyarsa ta jariri ce. In ka ce masa yau rana ta yamma ta fito, sai ya juya ya duba. Ni kuwa ga ni nan kamar tsinken tsire, ba ni da komai sai ido da baki. Inna makauniya ce tun muna ƙanana, da murya take gane mutane, kuma duk cikin muryoyin duniya babu wadda take so kamar ta Anaruwa. Kullum da safe zai tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, kin tashi ƙalau?" da wata murya mai zurfi da kake ji har a ƙirjinka. Sai ta ce, "Ƙalau, ɗan ruwan sama." Ni in na gaishe ta, sai ta tuna randa ba ruwa.

Garinmu akwai ruwa mai daɗi, akwai inuwa, akwai kifi, amma rigar kowa da faci. Wata shekara fatake suka yada zango a wurinmu, suka ba da labarin Birnin Zugazugi, can bayan inda ayari ke juyowa, inda ake narka dutse ya zama jan ƙarfe, har karnukan garin da sarƙar tagulla suke yawo. Labarin ya hana Maigari sakat. Ya kira mu, ni da Anaruwa, ya ce mu je mu koyo yadda gari ke yin arziki, tunda mu ma ga dutse nan a bayan gari yana zaune, ba aikin fari ba na baƙi.

Ranar tafiya Inna ta laluba ta kama hannuna na hagu, ta damƙe yatsan nan na shida kamar yadda ta saba in za ta yi min magana mai nauyi.

"Cindo, shi ke da ƙarfi, kai ke da wayo. Ba ruwana da jan ƙarfe, ba ganinsa zan yi ba. Ka dawo min da yayanka, in ji muryarsa a ƙofar nan."

Na ce na ɗauka. A duk kayan da na sa a ka a wannan tafiya, babu wanda ya kai wannan alkawari nauyi.

Muka yi ta tafiya, damina ta same mu ta wuce mu, takalma suka ƙare muka koma fatar ƙafa, har muka iso wani fili da ido ba ya kaiwa ƙarshensa. Da can daji ne. Yanzu kututture ne kawai jere-jere, an sare komai an yi gawayi an kai birni. A tsakiyar filin muka hango wani abu tsaye shi kaɗai, Anaruwa ya yi murna ya ce ga inuwa. Da muka matsa sai muka tarar ƙasusuwan mutum ne, ya dogara da sandarsa, tsuntsaye sun yi sheƙa a cikin haƙarƙarinsa.

Ban gama fahimtar abin da na gani ba sai sama ta yi duhu. Ashe tun da aka raba tsuntsayen dajin nan da itatuwa suka haukace. Duk abin da suka gani a tsaye bishiya ce a wurinsu, su sauka a kansa garke guda, su yi ta sara suna neman kogon da za su shiga. Suka rufe mu. Ɗaya ta ɗaye min fatar goshi, jini ya cika min ido. Wata ta kafa baki a kafaɗar Anaruwa tana haƙa, tana zubar da tsoka. Yana cafko su biyu-biyu yana murɗe wuya yana jifa, amma ko alamar raguwa ba su yi ba.

"Yaya, kwanta!" na ce. "Ba mu suke so ba, tsayuwarmu suke so!"

Muka zube ƙasa, suka tashi suna shawagi a kanmu. To amma mutum ba zai ƙetare irin wannan fili da jan ciki ba. Na nuna masa wani kututturen gawo na ce ya tumɓuko shi. Ya rungume shi, ya yi nishi ɗaya, ya fizgo shi da saiwoyinsa, ya juya saiwoyin sama ya ɗora a ka. Da tsuntsaye suka ga abin da ya yi kama da rassa, suka manta da mu, suka shiga kashe junansu a kan wurin sauka. Haka muka ratsa filin, ni ina rakuɓe a ƙarƙashin hammatarsa, jini da gashin tsuntsu na zubo mana. Da muka fita ya sauke kututturen a hankali, ya tsaya yana kallonsu.

"Cindo, gida kawai suke nema," ya ce.

Na ce ya bari fatar goshina ta dawo tukuna, sannan in tausaya musu.

Bayan filin sai kogi. Tsakiyarsa ja, gefensa kore, ga kumfa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Babu ciyawa a gaɓa, babu kukan kwaɗo. Wani mai fito yana zaune a jirgin ƙarfe, ya dube mu ya ce da wata shaƙaƙƙiyar murya, "Ku baki ne?"

Nan na fara lura da wani abu. Mutanen wannan ƙasa hayaƙi ya cinye musu maƙogwaro, ba sa iya fitar da "ƙa". Ƙarfe su ce karfe, ƙofa su ce kofa, ƙasa su ce kasa, har ka rasa ko ƙasar takawa ake nufi ko macijiya. Na yi masa dariya a ciki, na ce eh, mu baƙi ne.

Muna tsakiyar kogi wani kada ya taso, makaho, fatarsa na saɓulewa, ya kifa haƙora a gefen jirgin yana neman kifar da mu. Anaruwa ya fizge sandar tuƙi daga hannun mai fito, ya soka masa a baki har ta ɓullo ta ƙeya. Ruwan da ya fantsamo ya sauka a damtsena, fatar wurin ta tashi kamar an zuba tafasasshen mai. Ga tabon nan har yau. Na tambayi mai fito ko akwai mahaluƙin da ke shan wannan ruwa.

"Mutanen Gangare," ya ce. "Suna tacewa da tsumma."

"Suna rayuwa kuwa?"

"Suna aiki." Ya dubi Anaruwa sama da ƙasa. "Wannan kato zai iya. Ku wuce fada kai tsaye, irinsa ake nema."

Ba zan yi wa Birnin Zugazugi ƙarya ba, ko da yake ina da dalilin yi. Ban taɓa ganin arziki irin nasa ba. Bene a kan bene, rufi duk jan ƙarfe, kasuwa ba ta tashi. Babu mai bara, babu mai faci a riga, mai kwasar shara ma da nama yake karyawa. A tsakiyar gari manyan murhunan narka dutse suna ruri, giwaye ne ke taka musu zugazugai. Sama da murhunan nan unguwar Tudu take, inda sarki da manya ke shan ruwan marmaro tun kafin ya taɓa dattin kowa. Ƙasa da su kuma Gangare, inda maƙera da 'yan gawayi suke. Na ga yaran garin ba sa gudu, tafiya suke kamar tsofaffi suna tari, amma idona na kan rufin jan ƙarfe. Na ce wa Anaruwa mun iso.

A ƙofar fada wani mutum ya tare mu, rabin fuskarsa ƙuna ce. Shi ne Dargaza, Sarkin Wuta, mai kula da murhuna duka, wanda ko sarki sai ya dubi fuskarsa kafin ya yi atishawa. Ya sa aka tara jama'a, ya ɗaga murya ya ce, "Kun yarda ku zama bakin sarki?"

Wane matafiyi ne, da yunwa a cikinsa da ƙanshin miya a hancinsa, zai ƙi zama cikin baƙin sarki? Muka haɗa baki muka ce mun yarda.

"Sarki bakinsa ɗaya ne," in ji Dargaza. "Kai babban, faɗi da kanka, jama'a su shaida."

Anaruwa ya ɗauka shimfiɗa ce guda ta rage, ya raɗa min cewa zai matsa min. Sannan ya ce ya yarda. Tambura suka ɗauka, aka jefa masa jar alkyabba. Ni kuma aka miƙo min wani ludayin tagulla aka ce ni ne Ludayin Sarki. Na ce a raina kowace ƙasa da irin karamcinta. Aka kai mu wani ɗaki mai kyau, aka cika gabanmu da abinci. Sai da ciki ya ɗauka na lura sakatar ƙofar ta waje take.

Da safe wani tsohon wanzami ya shigo da zabirarsa, sunansa Korau, mutumin Gangare. Ya ce Anaruwa ya fito da harshe, ya auna shi da yatsa, ya zauna yana wasa aska. Na ce, "Baba, a ƙasarku haka ake yi wa baƙo?"

Ya daina wasa askar, ya dube ni da tausayi. "Ba bako aka ce ba, ɗana. Baki. Wannan da ake ci da shi." Ya taɓa leɓensa.

Korau ya warware min komai. Waɗanda suka kafa birnin sun bar doka cewa kowace shekara bakin sarki zai sha tasa guda ta ruwan kogi a wutsiyar Gangare, inda ruwa ke fita daga gari. In bai sha ba, ba a kunna murhu. Saboda haka sarakunan farko suka haƙa manyan ramuka suka cika da yashi da gawayi, ruwan wankin dutse ya bi ta ciki ya tace kafin ya shiga kogi. Aikin na da jinkiri, ramukan kuma sun cinye fili. Kakan sarki mai ci ya cike su, ya gina sababbin murhuna a kai. Arziki ya ninka, kogi ya mutu. Da lokacin sha ya zo, masu shari'ar fada suka duba suka ce ai doka bakin sarki ta ce, ba ta ce sarki ba. Tun daga nan ake naɗa wani ya zama bakin.

"Waɗanda suka sha fa?" na ce.

"Hanjinsu ke fita kafin mako ya zagayo."

"To askar ta mece ce?"

"Baki ba sha kaɗai yake yi ba, yana magana. Abin da bakin sarki ya faɗa a gaban jama'a, sarki ne ya faɗa. Shi ya sa nake yanke harshen tukuna, in kai wa Dargaza ya gani."

Raina ya ɓaci, na ce su mutanen Gangare wane irin matattu ne da ba za su tashi su kashe wutar ba.

"Mu ci me?" in ji Korau. "Da wutar nan na aurar da 'ya'yana, da ita kuma na binne jikokina. Ba wuta muke ki ba, ɗana. Ruwa muke so."

Anaruwa ya miƙe zai ɓalle ƙofa. Na leƙa ta taga na ga masu mashi sun cika tsakar gida, na ce ya zauna. Na tambayi wanzami ko Dargaza kan duba cikin bakin, ko kuwa naman kawai. Ya ce naman kawai, don mutum ne mai ƙyanƙyami. Na dubi hannuna na hagu. Yatsan nan nawa na shida ba shi da ƙashi, ba shi da farce, tsoka ce faffaɗa da ke reto a gefen ƙaramin yatsa. Tun ina yaro ake tsokanata da shi. Na ɗora hannun a kan akushi na ce, "Baba, yanke nan."

Korau ya dube ni, ya dubi ƙofa. Ya cusa min tsumma a baki. Na ji sanyin aska, sannan na ji wuta ta bi hannuna har cikin kwanyata. Jini ya yi tsartuwa ya bugi bango. Ya feɗe fatar yatsan ya gyara shi da aska, ya ɗebi jinina ya shafe bakin Anaruwa da gemunsa, ya ce ya yi ihu masu gadi su ji. Ba sai an roƙe shi ba, kuka yake da gaske. Kafin jiri ya ɗebe ni na kama rigarsa na ce, "Yaya, ji da kyau. In na miƙa maka tasa, kada ka sha. Ka ɗaga murya ka ce a buɗe ƙofar gari, a ba baƙin nan raƙuma su tafi. Shi ke nan. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Da na farfaɗo na ga wanzami ya kai baki kunnen Anaruwa yana raɗa. Na ce me ake ƙullawa. Korau ya ce yana koya masa yadda bebe ke yi ne, ya naɗe naman a ganye ya fita.

Ranar sha aka ɗora Anaruwa a kan karaga, ƙarti suka ɗauke shi, ni ina biye da ludayi, muka gangara ta tsakiyar Gangare da rana tsaka. Gidajen ba laifi, har da ƙofofin ƙarfe. Amma mata gashin kansu ya zube, maza haƙora sun yi kore, kuma a bayan kowane gida akwai ƙananan kaburbura. Wata mata na zaune a ƙofar gida tana matse jan ruwa ta cikin tsumma tana ɗiga wa jaririnta a baki. Anaruwa ya bi ta da ido har wuyansa ya ƙi juyawa. Na mintsine shi a ƙafa don ya tuna abin da ya kawo mu, bai ko dube ni ba.

A bakin kogi an kafa dandamali da rumfa. Sarki Turmuzu na zaune can sama ya toshe hanci da ƙyalle, Dargaza na tsaye da dakaru cikin sulke, mutanen Gangare sun cika gaɓa, sun taso daga aiki da guduma da awartaki a hannu. Kusa da mu wani tsohon sankira ne a tsaye, wanda aikinsa shi ne maimaita duk abin da ya fito daga bakin sarki, ko da yake ya daɗe bai sami abin maimaitawa ba. Na duƙa na ɗebo ruwa da ludayi na cika tasa, tana tururi. Na miƙa wa Anaruwa na ce a hankali, "Yanzu, Yaya. Faɗi."

Ya dube ni da wani kallo da ban san shi da shi ba. "Cindo," ya raɗa, "wanzami ya ce maganar bakin sarki ba ta zama doka sai ya sha."

Na kai hannu zan kaɓar da tasar. Ya riƙe min wuyan hannu da hannu ɗaya, kamar ya riƙe ɗan tsako, ya kafa kai. Na ji ƙarar ruwan a maƙogwaronsa kamar an watsa shi a garwashi. Jini ya ɓalle masa ta hanci. Ya miƙe tsaye, ya buɗe muryar nan da Inna ke so, har ta bugi ganuwa ta dawo.

"Ni ne bakin sarki, kuma na sha! Daga yau sarki ba shi da wani baki sai wanda ke fuskarsa! Da shi zai sha, shi da 'ya'yansa, har ƙarshen duniya!"

Wannan "ƙarshen" da kuka ji, ita ce "ƙa" ta ƙarshe da ta fito daga maƙogwaron yayana.

Dargaza ya daka tsawa ya ce ba a ji komai ba. Amma tsohon sankira, da sabo ya riga hankalinsa, tuni ya cika ƙirji yana shela: "Sarki ya ce, daga yau ba shi da wani baki sai wanda ke fuskarsa!" Dargaza ya zare takobi ya fille masa kai yana tsakiyar maimaitawa, kan ya gangara ya faɗa kogi. Amma Dargaza ya makara. Gaɓa duka ta ɗauki maganar, baki ya ba baki, sannan gudumomi suka tashi sama.

Na ga yaƙi a tafiye-tafiyena, amma ban ga irin na maƙera ba. Ba su san sara ba, duka suka sani. Su kama soja da awartaki ta wuya, wani ya sauke masa guduma a kwalkwali har hular ƙarfen ta shige cikin kai. Dakaru kuma suna soke su da mashi, uku-uku a tsinke ɗaya, jini na gangarawa kogi ba ka bambanta shi da ruwan. Anaruwa yana aman jini ya tumɓuke ginshiƙin rumfa, ya share dandamali da shi, mutane na tashi sama da sulkensu suna faɗawa ruwa suna ihu. Ni da ludayina na zubar wa wani haƙoran gaba, na fasa wa wani gwiwa.

Sai ƙarfin Anaruwa ya ƙare, ya durƙusa ya dafe ciki. Na hango Dargaza ya ratso ta bayansa, ya ɗaga takobi da hannu biyu. Tsakanina da su akwai nisa, ba abin da ke kusa da ni sai tasar nan da ragowar ruwa a ciki. Na sure ta na watsa masa a fuska. Ya saki takobi ya kama idanunsa, suna narkewa ta tsakanin yatsunsa, ya yi baya-baya yana kururuwa har ƙafarsa ta zarce gefen dandamali. Kogin da ya yi shekaru yana ciyarwa ya karɓe shi. Ya ɗago sau ɗaya, babu fata a hannun da ya miƙo.

Da dakaru suka ga haka suka zubar da makamansu. Ni kuwa ba ta su nake ba. Na ɗauki takobin Dargaza na shiga neman Korau, don na rantse sai na raba shi da kansa. Na same shi jingine da wata ƙofa, mashi ya shiga cikinsa ya fita ta baya.

"Tsohon banza," na ce, "da yatsana da yayana ka sayi ruwanku?"

"Da su," ya ce. "Ban tilasta shi ba, gaskiya kawai na gaya masa. Kai da ka sani da ka hana." Ya turo min zabirarsa da ƙafa. "Akwai garin gawayi a ciki. Ka dama da nono ka yi ta ɗura masa, ko ya amayar ka sake. Kato ne, watakila ya tashi."

Ban yafe masa ba, har yau ban yafe ba. Amma na tsaya har ya cika, na rufe masa ido.

Kafin in koma, maƙera sun jawo Sarki Turmuzu ta ƙafa har bakin ruwa, rawani ya warware, an danna masa kai kusa da kumfa. Yana kuka yana cewa shan bana ai an riga an yi, a ba shi zuwa baɗi. Dattawan Gangare suka yi shawara suka ce a sake shi, doka ce. Ina jinyar Anaruwa a wani gida na ga abin da ban taɓa gani ba: sarki ya naɗe ƙafar wando, yana tsaye a rana a kan masu rushe murhunan da kakansa ya gina, yana zagin masu ɗebo yashin ramukan tace ruwa wai ba sa sauri. Sauran murhuna na ci gaba da ruri. A kasuwa kuma har an fara gunaguni cewa ƙarfe ya ragu, ciniki ya ja baya, wasu ma na tsine wa ƙaton baƙon da ya jawo musu. Ko ruwan ya gyaru, ban sani ba. Ban tsaya gani ba.

Anaruwa ya tashi, amma rabinsa ne ya tashi. Na ɗora shi a raƙumi muka zagaye filin tsuntsaye ta wata hanya mai nisa. Ya daɗe ba ya magana, sai nuni da hannu. Ran da muryar ta dawo muna gindin wata tsamiya, ya ce min, "Cindo, kishirwa nake ji." Wata irin murya ce siririya, a shaƙe, kamar ana jan faranti a kan tsakuwa. Na ba shi ruwa, na zagaya bayan tsamiyar na yi kukana.

Maigari ya tare mu tun a bayan gari, ko sannu da hanya bai gama ba ya ce ina sirrin. Na ce na koyo shi tsaf, dutse ne da gawayi da zugazugi, kuma zan koya wa duk mai so. Sharaɗina ɗaya, ya tashe gidansa daga inda yake ya mayar da shi wutsiyar rafi, inda ruwa ke fita daga gari, iyalinsa su riƙa sha daga nan. Ya ce zai yi tunani. Har yanzu yana yi.

Da hantsi muka shiga gida. Anaruwa ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna, ya gyara tsayuwa, ya haɗiyi yawu da ƙyar.

"Inna, kin tashi kalau?"

Na ji motsin tabarma.

"Cindo," ta ce, "na ji takunka. Wane baƙo ka kawo min? Ina yayanka?"

Na durƙusa a gabanta. Ta laluba ta kama hannuna na hagu, ta kai yatsunta inda ta saba damƙewa, ta tarar da tabo. Ta daɗe tana shafa wurin. Anaruwa ya rarrafo ya ɗauki ɗaya hannun nata ya ɗora a fuskarsa. Ta bi goshi, ta bi hanci, ta bi gemu, ta sauko maƙogwaro ta tsaya a nan.

"Sake faɗi," ta ce.

"Kin tashi kalau, Inna?"

"Ƙalau, ɗan ruwan sama."

Ba ta taɓa tambayata abin da ya faru ba, ba ta kuma taɓa cewa na saɓa alkawari ba. Da ta faɗa ma da ya fi min sauƙi. Har Allah Ya karɓi ranta, kullum da safe Anaruwa zai tsaya a ƙofar nan ya gaishe ta, kullum kuma za ta amsa. Sai dai kafin ta amsa takan ɗan yi jim, ta karkata kunne wajen ƙofa, kamar akwai wani a hanya da bai iso ba tukuna.